Yadda Muka Ƙirga Itatuwan Hurmin Bayan Dundaye

Ranar da aka fara koya mana awon daji a aji, wani ɗalibi da ke zaune a bayana ya ce ƙirga itatuwa ai ba sana'a ba ce, ko ƙanwarsa ta firamare za ta iya. Aka yi dariya. Ni kuwa ba na iya magana a taro, balle in miƙe da furfurata a tsakiyar sa'o'in 'ya'yana. Na dawo karatu ne bayan na ƙarar da ƙuruciyata a wannan aikin da ya raina. Shi ya sa na ga gara in rubuta muku, ku karanta a natse. Ba zan ce na fi ku sani ba. Abin da zan iya cewa shi ne na riga ku ruɗewa.

Aikina na farko a wani fili ne a hanyar Dundaye, tare da Oga Bitrus, wanda a hannunsa na koyi sana'ar. Mutumin Kudancin Kaduna ne, aikin gandun daji ya kawo shi Sakkwato, yana zaune a Gidan Dahala da matarsa malamar makaranta. Ya kan ce a garinsu mutum yana neman inda zai ga sama ne saboda duhun itace, a nan kuma yana neman inda zai ɓuya mata. Ya buga turke, ya ba ni bakin igiya ya ce in yi gaba in ja ta ta miƙe. Sannan ya miƙo mini wata sanda mai zoben jan fenti daidai tsayin ƙirjin babban mutum. Dokar ita ce in bi igiyar, duk abin da sandar ta iya taɓawa dama da hagu yana cikin lissafina. Wanda ya kai zoben shi ne itace, sai in zagaya shi da tef in auna kaurinsa, in rubuta sunansa, in ɗiga masa fenti don kada in maimaita. Wanda bai kai zoben ba, ba ruwana da shi.

Na ɗauka abin ke nan. Na wuce gawo, na wuce aduwa, ina jin daɗi, sai na iso ga wata sabara. Ku da kuka tashi a cikin gari wataƙila ganyenta kawai kuka sani a hannun masu jego. Ba ta fitowa da jiki ɗaya. Rassa ne sirara barkatai suke ɓullowa daga ƙasa, kowanne ya wuce zoben. Na tsaya ina kallonta har Oga Bitrus ya zo ya tambaye ni ko gaisuwa muke yi. Na ce ban san ko ɗaya ce ko da yawa ba. Ya ce in durƙusa in tona. Na tona da hannu, na tarar duk sun haɗu a tushe ɗaya. Ya ce to ɗaya ce, kamar yadda mai gida da iyalinsa gida ɗaya ne. Tun ranar nake tona gindin sabara da geza, kuma a nan na koyi bubbuga ƙasa da sanda kafin in sa hannu, don kunama ma inuwar take so.

Abu na biyu da ya dame ni shi ne wadannin itatuwa, wato waɗanda suka kasa yin tsawo. A filin da awaki ke yawo za ka ga aduwa ko magarya iya gwiwa, ta dunƙule kamar an yi mata aski. In ka tona sai ka ga saiwa mai kaurin cinya. Oga Bitrus ya ce wasunsu sun girme ni, awaki ne kawai suka hana su tashi. Na tambaye shi to me ya sa ba ma ƙirga su. Ya ce saboda ba su kai zoben ba. Na ce to wa ya sa zoben a nan? Ya ce waɗanda suka sa shi ba su san akuyar Sakkwato ba, amma in kowa ya matsar da zobe inda ya ga dama, babu lissafin da zai yi daidai da na wani. Na yarda da hujjarsa, na ci gaba da tsallake su, kuma ban daina jin cewa akwai wanda nake tsallakewa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: igiya, turaku, sanda, tef, gwangwanin fenti, adda, allon ɗora takarda, da gorar ruwa. Yanzu an ƙara waya mai nuna inda mutum yake tsaye. Igiya tana miƙewa in ta tsufa, don haka ana gwada ta da tef kafin a fita. Fenti ja muke sawa don farin yana ɓacewa a jikin gawo. Ba a fara layi daga inda ya yi wa ido kyau, don ƙafa da kanta tana bin inuwa, sai ka dawo da lissafin dajin da babu shi. Waɗannan duk ana koyonsu a wata ɗaya. Abin da ba ya koyuwa shi ne amsar da masu aikin ke jira.

Masu ba mu aiki iri-iri ne: ofishinmu, masu bincike da ke zuwa da mota su koma kafin azahar, da shirye-shiryen farfaɗo da daji. Duk abu ɗaya suke so, wato itace nawa ke cikin eka. Tunanin shi ne in itatuwa sun yi yawa ƙasa tana da lafiya, in sun yi kaɗan dabbobi sun cinye ta. Na daɗe ban ga aibin wannan tunani ba, kuma a wurare da yawa gaskiya ne. Na ga filayen da kiwo ya mayar faƙo, ko tsinke babu.

Aikin da ya birkita mini lissafi a wani hurmi ne, bayan wani ƙauye gaba da Dundaye. Hurmi shi ne filin da gari ya keɓe don kiwo, ba a noma shi. Wanda ya fi kowa dogara da shi wani dattijo ne, Alhaji Maidamma, ɗan gidan Rundawa, wato mahauta na gado. Sana'arsa ita ce ya sayi ramammun shanu a kara, kasuwar dabbobi, bayan kaka, ya sake su a hurmin su ci ciyawa da 'ya'yan gawo har su cika, sannan ya sayar wa mahauta da masu tsire a cikin gari. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, lokacin da dabba ba ta da komai. Ba shi da gona, ba shi da shago. Hurmin nan ne abincin gidansa.

Sai wani shiri ya zo ya kewaye rabin hurmin da waya don gwaji. Aka yi yarjejeniya a gaban mai gari cewa bayan 'yan damina za a ƙirga. In itatuwan ciki sun fi na waje yawa, an tabbatar kiwo ne ke kashe wurin, sai a kewaye sauran. In ba su fi ba, a cire wayar. Alhaji Maidamma ya amince, don a ganinsa itace ba gero ba ne da zai tashi a 'yan damina.

Shekarar ƙidayar ita ce muguwar shekara. Ruwa ya ɗauke gero bai gama cika ido ba, ciyawa ta bushe tun tana gajera. Oga Bitrus ya riga ya yi ritaya ya koma garinsu, ni ne babba a aikin. Ga shi kuma takardar da shirin ya aiko ta ce a ƙirga kowane reshe da ya fito daga ƙasa ya kai zoben, ba tushe ba. Na je ofis na tambaya wanne zan bi. Wani ya ce in bi na masu shirin tunda su suka biya, wani ya ce in bi namu na tushe tunda da shi aka yi ƙidayar farko kafin a sa waya. Na rasa yadda zan yi, sai na yi duka biyun, kowane layi na bi shi sau biyu.

Na fara da cikin waya. Wadannin nan da awaki suka danne duk sun miƙe sun wuce kaina. Sabara da geza sun bazu, farar ƙaya ta tsiro ko'ina. Ƙasa ta yi laushi, ganye ya rufe ta, wani kwazazzabo da ke cin gefen filin ya fara cikewa. Amma na duba ban ga ɗan gawo ko ɗaya ba, sai tsofaffin. Da na fita waje sai na tarar da akasin haka. Ƙasa ta daddaɓe, manyan gawo tsaye jefi-jefi, makiyaya sun sassare musu rassa don shanu. A cikin busasshen kashin shanu kuwa ga 'ya'yan gawo sun tsiro da ɗan ruwan da aka samu, don ƙwayarsa ta fi tsira in ta bi ta cikin dabba. Sai dai kusan duk an cinye kawunansu. Ciki akwai taro babu magajin gawo, waje akwai haihuwa babu rayuwa. Na zauna a gindin wata aduwa na rasa wanne zan kira lafiya.

Duk kwanakin da na yi a waje Alhaji Maidamma yana biye da ni da carbinsa. Ya gane dokar zoben tun ranar farko. In mun iso ga wata guntuwar aduwa sai ya kama reshenta, ƙaya na sukarsa, ya ja shi sama har ya taɓa fentin.

“Dibi, Malam, ai ya kai. Rubuta shi.”

Na ce masa, Baba Alhaji, sai wanda ya kai da kansa. Ya saki reshen ya ce ni da ganina ma ba da kaina na kai ba, ja aka yi. Ya kan kawo mini fura da rana, ya zauna yana kallon shanunsa suna tsaye a jikin waya suna hango ciyawar ciki. Bai taɓa roƙona in canza lissafi ba. Abin da yake so kawai in ƙirga abin da shi yake gani itace ne.

Da na haɗa lissafi, in da rassa aka bi, ciki ya ninka waje nesa ba kusa ba. In da tushe aka bi, bambancin kaɗan ne, don yawancin abin da ke ciki dama yana nan tun da, tsawo kawai ya yi. Da a ce ana ƙirga wadanni, wataƙila ma a yi kunnen doki.

Aka taru a ƙofar mai gari. Jami'ar shirin, wata mace mai haƙuri da ta san aikinta, ta saurare ni har na gama karanta lissafin biyu. Ta ce ta fahimta, amma mutane sun taru ne don a yanke magana, in faɗa musu a matsayina na wanda ya taka wurin, wane ɓangare ya fi lafiya. Mai gari ya yi gyaran murya. Na ce ban sani ba. Na yi ƙoƙarin bayyana maganar gawo da ta kwazazzabo, amma muryata ba ta da ƙarfi, kuma ni kaina na ji bayanin yana kai gwauro yana kai mari. Jami'ar ta ce ko da wane lissafi aka bi, ciki bai gaza waje ba, ƙasar waje kuma kowa yana ganin yadda ta mutu. Ban iya cewa ƙarya ta yi ba. Aka yanke za a kewaye sauran.

Da aka watse Alhaji Maidamma ya tsayar da ni. Na ɗauka lissafin zai yi wa faɗa.

“Da cewa kay yi cikin waya ya hi, da na haƙura, na san ilimi na ya kashe ni. Amma shekara da shekaru kana jan igiyag ga, a tambaye ka, ka ce ba ka sani ba? To mi kaka aunawa?”

Ya sayar da shanunsa a wannan ranin, lokacin da kowa ke sayarwa, ramammu, a farashin da ba ya son a tuna masa. Ya koma karɓar nama a hannun yaran da shi ya koya wa riƙon wuƙa, yana kasawa a tebur a bakin hanyar Arkilla. In na bi ta wurin a keke na kan sauka mu gaisa. Ya kan tambaye ni ya iyali, ya kuma 'ya'yana na daji.

Shirin ya ƙare kamar yadda shirye-shirye ke ƙarewa. Wayar ta bi hannun mutane kaɗan-kaɗan, ta koma shingen lambu. Hurmin ya zama a buɗe, amma ba mai shiga. Farar ƙaya da sarƙaƙiya sun haɗe sun zama bango. Kwazazzabon ya cike sarai, zabin daji da zomaye sun dawo, mata suna samun itacen girki a baki-baki. Manoman da ke maƙwabtaka kuma suna kukan tsuntsaye na kwana a ciki suna cinye musu gero. Ciyawa ta ƙi fita a ƙarƙashin duhun. Wasu sun ce ruwan rijiyar ƙauyen ya ƙaru, wasu sun rantse raguwa ya yi. Kowa na tambaya sai ya ba ni rabin gaskiya, kuma rabin nasa ba ya haɗuwa da na ɗan'uwansa.

Wata safiya sai ga Alhaji Maidamma a ofishinmu, ya tsufa, ya sa babbar riga. Ya ce ɗansa ya haɗa masa kuɗi ya sayi 'yan bijimai, suna ɗaure a gida suna cin harawar saye, ba za su kai shi ko'ina ba. Mutanen ƙauyen sun yarda a rage ƙayar a buɗe hurmin, amma an ce sai da takardar gandun daji.

“Dauri kun ce itacen sun yi kaɗan. Yanzu taho ka ƙidaya, ka ce sun yi yawa.”

Na ce zan duba. Na kwashe makonni ina bin littattafai. Na samu inda aka yi maganar ƙaya ta mamaye filin kiwo har ta kashe ciyawa, ashe abin sananne ne. Amma iyakar da za a ce daga nan yawa ya zama cuta, kowane littafi da tasa, kuma babu wanda aka rubuta don ƙasa irin tamu. A ofis aka ce ba za a ba da izinin sara ba sai an ga lissafi. Na je da igiyata na tarar ba inda zan ja ta, ko taku kaɗan ba na iya shiga. Na dawo na ce ba a ƙirguwa sai an sare hanya. Aka ce ba a sara sai da izini. Na yi ta kai da komo tsakanin tebur biyu har wani babba ya gaji da ganina, ya ce sarar layin awo ai cikin aikin awo take, in je in yi, amma kada ta wuce faɗin da mutum zai bi da sandarsa.

Na ɗauki mutum biyu daga ƙauyen da addunansu. Muka sare layuka siri-siri daga wannan baki zuwa wancan, ƙaya ta yayyaga mana riguna. Na ƙirga, na kai lissafi, mafi yawa da na taɓa rubutawa. Aka karɓa aka yaba, har wani ya ce wannan abin nuna wa baƙi ne. Maganar izinin rage ƙaya kuwa aka ce za a zauna a kanta. Har yau ana zaune.

Da damina ta kewayo na koma don maimaita awon, na tarar layukana sun zama hanya. Rana ta samu shiga, ciyawa ta fito a kansu kore shar, kuma ga sawun kofato. Bijiman Alhaji Maidamma ne ke bi ɗaya bayan ɗaya, su shiga ta nan su ɓulla ta can, awakin ƙauye na biye. Ba wanda ya karya doka, don babu waya, kuma ba su sare komai ba. Sai dai sun ci daidai inda nake ƙirgawa, dama da hagu, iya inda sandata ke kaiwa. Lissafina ya faɗi ƙasa, alhali taku kaɗan daga layin ƙayar tana nan yadda take. A cikin kashin shanun 'ya'yan gawo sun tsiro. Awaki sun cinye na tsakiyar hanya, waɗanda suka faɗa gindin ƙaya kuma sun tsira, ƙayar da ake so a sare ita ke tsaronsu. Na tsaya da takarda a hannu ban san me zan rubuta ba. In na ce itatuwa sun ragu, ƙarya ne. In na ce ba su ragu ba, ba abin da na ƙirga ke nan ba. In na sare sababbin layuka don in samu lissafi na gaskiya, baɗi su ma hanya za su zama.

Wannan ita ce sana'ar da nake so ku sani kafin ku karɓi igiya. Koyon ƙirga ba wuya. Amma lambar da za ku rubuta akwai wanda zai ci abinci da ita ko ya rasa, kuma ranar da za a tambaye ku ma'anarta, ba lallai ku fi ni amsa ba.

Ina tsaye a bakin layin nan sai ga Alhaji Maidamma ya fito daga cikin ƙayar a bayan bijimansa, hularsa duk ganye. Sun yi ƙiba, ba laifi. Muka gaisa, na gaya masa shanunsa sun ɓata mini awo, yanzu ban san ko hurmin gaba yake yi ko baya ba. Ya ce wannan ai ba sabon abu ba ne a wurina. Sannan ya matso ya rage murya kamar mai ciniki a kara.

“Malam, tunda awon bai yi ba, sai a sake. Bana ka ƙara layi. Kuma ka ɗan buɗa su, jan bajimin ga ƙahonai na sarƙewa.”

Na ce sai na tambayi ofis. Ya ce in tambaya, shi dai ya riga ya wasa addunan.